Ayarin da ba shi da madugu

A farkon watan Disamba na shekarar 2004, mutum biyu kaɗai ke zaune cikin tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 bisa kawunan jama'a: Ba'amurke Leroy Chiao da abokin aikinsa na ɓangaren Rasha, Salizhan Sharipov. Da suka ƙidaya abincin da ya rage musu, sai suka tarar lissafin da ke rubuce ga takardun ma'aikatan ƙasa bai dace da abin da ke cikin akwatuna ba. Aka umurce su da su rage ci, suka dinga cike gurbi da kayan zaƙi. Hukumomi kuma suka sanar cewa in kumbon da ke kawo guzuri ya kasa isowa, za a maido mutanen biyu gida, a bar tashar babu kowa. Ranar 23 ga watan, wani kumbo mai suna Progress ya tashi daga Baikonur ta ƙasar Kazakistan da kaya kimanin tan 2 da rabi, babu direba, babu karen mota, babu ko mutum guda a cikinsa. Ranar 25 ya manne ga ƙofar tashar shi kaɗai, aka buɗe, aka sauke kaya.

Tan 2 da rabi, watau nauyin buhu 25 na hatsi mai kilo 100, kayan da matsakaicin ɗan kasuwa zai iya sarowa a cin kasuwa guda. Amma bisa gare su ne zaman ɗan Adam cikin tashar ya rataya a wannan mako. Rediyo da telebijin sun saba kawo sunayen ƴan sama jannati da hotunansu. Ƴan dakon da ke ciyar da su kuwa ba safai ake jin labarinsu ba sai ranar da suka faɗi. Alhali duk wanda ya taɓa tsayuwa bakin mangaza yana jiran kamiyon da ya makara bisa hanya ya san irin nauyin ɗan dako.

Gidan da ba shi da rijiya

An fara harhaɗa tashar a shekarar 1998, kuma tun ranar 2 ga Nuwamba 2000 ba a taɓa barin ta babu mutum ba. Nauyinta ya zarce tan 400, galibi mutum 7 ke zaune cikinta. Babu rijiya, babu gona, babu kasuwa. Kowane mutum na shaƙar iskar oksijan da ta kusa kilo 1 a kwana guda, yana cin abincin da ya doshi kilo 2 in aka haɗa da ledarsa da gwangwaninsa. Ba a wanki a can, domin ruwa ya fi tufa tsada. In riga ta yi dauɗa sai a jefa ta cikin shara a ɗauko sabuwa. Ga kayan gyara, irin su famfo da batir da matatar iska, ga kayan binciken da dominsu aka gina tashar, ga kuma ɗan abin marmari kamar lemu da albasa da saƙon iyali.

Injiniyoyi sun yi iya ƙoƙarinsu don rage abin da ake ɗorawa daga ƙasa. Akwai na'urorin da ke tace fitsari da gumi da tururin numfashi su maida su ruwan sha, har a shekarar 2023 hukumar NASA ta Amurka ta sanar cewa ta kai ga maido kashi 98 bisa 100 na ruwan da ake amfani da shi. Daga ruwan ne kuma ake tsago oksijan da wutar lantarkin da ake samu daga hasken rana. Sai dai na'urar tacewar ita ma tana lalacewa, kayan gyaranta kuwa sai daga ƙasa.

Akwai wata bukata da ta fi abinci nauyi, ita ce mai. Ko a nisan kilomita 400 akwai sauran siririyar iska da ke riƙe tashar, ta yadda kowane wata tana sauka da kimanin kilomita 2. In da za a ƙyale ta, da wata rana ta faɗo. Saboda haka kumbon dakon da ke manne gare ta yakan kunna injinsa ya tunkuɗa ta sama, ko ya kautar da ita daga tarkacen ƙarfen da ke yawo bisa hanyarta, kuma na Rasha yana ɗura ma tankunanta mai.

Dalilin aika kumbon babu mutum dalili ne na lissafi. In akwai mutum a ciki, tilas a sa masa kujera, da iska, da na'urar tsira in roka ta fashe, da garkuwar da za ta hana shi ƙonewa ranar dawowa. Duk waɗannan nauyi ne. In aka cire su, gurbinsu ya zama na kaya, kuma in aka yi asara, dukiya ce ta salwanta, ana iya maida ta.

Yadda ake cim ma tashar

Tashar na gudun kimanin kilomita dubu 28 a awa guda, tana kewaye duniya cikin minti 90 da ɗoriya, watau kusan sau 16 a kwana. Rokar Soyuz da ke ɗaga Progress ta haura tan 300 a lokacin tashi, mafi yawan nauyin mai ne, kuma cikin kimanin minti 9 take ɗora kumbon mai tan 7 bisa hanyarsa. Tan 300 kenan ake sadaukarwa domin tan 2 da rabi su isa. Lokacin tashi ma ba zaɓin mutum ba ne. Duniya na juyawa ƙarƙashin hanyar tashar, sai an jira sa'ar da filin tashi ya zo daidai ƙarƙashinta. In aka makara da ƴan mintoci, sai wata rana.

Daga nan sai abin da ya saɓa ma hankalin direba. Bisa hanyar mota, wanda ke son cim ma na gaba sai ya taka mai. A sararin samaniya, in kumbo ya ƙara wuta gaba, hawa sama yake yi, kewayensa ya ƙara tsawo, sai ya daɗa zama baya. Don haka yake bi ta ƙasa da tashar, inda kewayen ya fi gajarta kuma ya fi sauri, yana cin tazarar da ke tsakaninsu, sa'an nan ya dinga hawa kaɗan kaɗan har su daidaita. In ya kusa, na'urorin auna nisa da kwamfutarsa su ke jagora, har ya taɓa ƙofar da saurin da bai wuce ƴan santimita a daƙiƙa ba. Wasu kumbunan su ke mannewa da kansu. Wasu kuwa tsayawa suke yi kimanin mita 10 daga tashar, ɗan sama jannati ya miƙa wani hannun ƙarfe mai tsawon mita 17 da ƙasar Kanada ta ƙera, ya cafke su ya jawo. A da tafiyar kwana 2 ce. A watan Yuli 2018 wani Progress ya isa cikin ƙasa da awa 4, kuma a watan Nuwamba 2022 kumbon Tianzhou-5 na ƙasar Sin ya isa tasu tashar cikin awa 2 da ƴan mintoci.

Tsohon ɗan dako

Tarayyar Sobiyet ce ta fara wannan sana'a. Ranar 20 ga Janairu 1978 aka harba Progress na farko zuwa tashar Salyut 6, inda Yuri Romanenko da Georgi Grechko ke zaune. Shi ya fara ɗura ma wata tasha mai a sararin samaniya, kuma mutanen biyu suka yi kwana 96, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin su. Kafin wannan rana, tsawon rayuwar tasha bai wuce yawan abin da aka ɗora mata ba. Tun daga nan an harba Progress fiye da sau 170, ya ciyar da tashoshin Salyut, ya ciyar da Mir daga 1986 zuwa 2001, yana kuma ciyar da tashar ƙasa da ƙasa. Ranar 1 ga Fabrairu 2003 jirgin Columbia na Amurka ya tarwatse da mutum 7, aka dakatar da ire-irensa har zuwa Yuli 2005. Cikin wannan tsakani, Progress kaɗai ke kai kaya, aka rage mazauna tashar daga 3 zuwa 2. Ƙarancin abincin Disamba 2004 a wannan lokacin ya faru.

Shi wannan ɗan dako ya taɓa kusan kashe iyayen gidansa. Na'urar Kurs, wadda ke jagorantar kumbo ya manne shi kaɗai, a wancan lokacin a ƙasar Ukren ake ƙera ta. Bayan wargajewar Tarayyar Sobiyet sai ta zama kayan waje, da tsada, ga aljihun Rasha babu nauyi. Aka yi shawarar a gwada jawo kumbon da hannu daga nesa, a ga ko za a iya rabuwa da Kurs. Ranar 25 ga Yuni 1997, kwamandan tashar Mir, Vasily Tsibliyev, ya zauna gaban wani ƙaramin allon telebijin yana tuƙa wani Progress da aka riga aka cika da shara, babu na'urar da ke gaya masa nisa da sauri. Kumbon ya zo da gudu, ya kauce ma ƙofa, ya daki faifan hasken rana, ya huda ɗakin da ake kira Spektr. Iska ta fara zurarewa. Aleksandr Lazutkin da Michael Foale suka yi ta cire wayoyin da suka ratsa ƙofar ɗakin, wasu da yanka, har suka samu suka rufe ta. Ba wanda ya mutu, amma tashar ta rasa kusan rabin wutarta, ɗakin kuma ba a sake zama cikinsa ba. Araha ba ta ado. A ƙarshe ma wani Progress ne ya ja Mir ya jefa ta tekun Pasifik ranar 23 ga Maris 2001.

Ban gishiri in ba ka manda

Ƙasashen Turai da Japon na da ɗakuna cikin tashar ƙasa da ƙasa, saboda haka akwai kason kuɗin gudanarwa bisa wuyansu. Maimakon su biya da tsabar kuɗi, sai suka biya da dako. Hukumar sararin samaniya ta Turai ta ƙera kumbon ATV mai nauyin kimanin tan 20, wanda ke iya ɗaukar kaya fiye da tan 7. Rokar Ariane 5 ta ɗaga na farkonsu, mai suna Jules Verne, daga Kuru ta Giyan ɗin Faransa ranar 9 ga Maris 2008, ana jagorantarsa daga birnin Tuluz, ya manne ranar 3 ga Afrilu. Guda 5 aka yi, na ƙarshe ya tashi a 2014. Japon kuwa ta aika kumbonta Kounotori sau 9 tsakanin 2009 da 2020 ba tare da asara ko ɗaya ba, kuma a watan Oktoba 2025 ta harba magajinsa, HTV-X. Hikimar wannan ciniki a fili take: kuɗin ya tsaya cikin masana'antun gida, injiniyoyin gida sun koyi aiki, bashi kuma ya biyu.

Amurka ta bi wata hanya dabam. Da ta ga jiragenta masu fuka-fuki za su yi ritaya, abin da ya tabbata a Yuli 2011, sai NASA ta daina mallakar abin dako, ta koma biyan ƴan kasuwa kuɗin kai kaya. A watan Disamba 2008 ta ba kamfanin SpaceX kwangilar tafiya 12 bisa kuɗi miliyar 1 da miliyon 600, ta ba kamfanin Orbital Sciences ta tafiya 8 bisa miliyar 1 da miliyon 900, kowanensu zai kai aƙalla tan 20. Wannan lissafi da dalar Amurka ne, kada mai karatu ya ɗauka dalar nan ce ta sefa 5. In aka raba kuɗin SpaceX bisa kilo dubu 20, kowane kilo ya tashi dalar Amurka dubu 80. In an ɗauki dalar bisa sefa 500, miliyon 40 kenan kuɗin dakon kilo guda. Ranar 25 ga Mayu 2012 kumbon Dragon na SpaceX ya zama na farko mallakar kamfani da ya isa tashar, Cygnus na Orbital ya biyo baya a Satumba 2013.

Wata takwas, asara uku

Ranar 28 ga Oktoba 2014 rokar Antares ta tashi da Cygnus daga gaɓar jihar Birjiniya, bayan ƴan daƙiƙu ta faɗo ta fashe bisa filin. Injinanta tsofaffi ne na zamanin Sobiyet da aka ƙera tun shekaru 40 baya, aka saya aka gyara. Ranar 28 ga Afrilu 2015 wani Progress ya isa sarari amma ya kama wulwulawa, ya daina jin umurni, ya ƙone cikin iska ranar 8 ga Mayu. Ranar 28 ga Yuni 2015 rokar Falcon 9 ta tarwatse da Dragon minti 2 da ɗoriya bayan tashi. Cikin abin da ya salwanta akwai rigar fita sarari, da sabuwar mahaɗar ƙofa da aka tanada don kumbunan mutane, da gwaje-gwajen ƴan makaranta waɗanda wasunsu sake yin su aka yi bayan sun ƙone a watan Oktoba.

Ƴan dako 3, na kamfanoni 3, cikin wata 8. Duk da haka ba a yi maganar kwashe kowa ba kamar a 2004. NASA ta ce abin da ke ajiye zai kai har watan Oktoba. Ranar 5 ga Yuli wani Progress ya iso, cikin Agusta na Japon ya biyo shi, cikin Disamba kuma Cygnus ya koma aiki bisa rokar Atlas V da aka yi haya wurin wani kamfani. Abubuwa biyu suka bambanta 2015 da 2004: ajiyar watanni cikin mangaza, da ƴan dako dabam dabam, kowane da rokarsa da filin tashinsa, ta yadda cutar da ta kama ɗaya ba ta kama sauran ba. Tanadin nan na da tsada, kuma a shekarun lafiya yana kama da ɓarnar kuɗi, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan kasuwar ƙasar da ba ta da bakin teku, wanda kayansa ke ratsa tashar jirgin ruwan wata ƙasa da iyakar wata, ba ya bukatar a fassara masa wannan karatu.

Siyasa ma na tare hanya kamar yadda injin ke yi. Bayan fashewar 2014, Antares ta koma amfani da sababbin injinan Rasha, gangar jikinta ta farko kuwa a Ukren ake ƙera ta. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu a 2022, hanyoyin biyu suka toshe. Rokar ta yi tafiyar ƙarshe da irin waɗannan kaya a watan Agusta 2023, kuma daga Janairu 2024 kamfanin Northrop Grumman, wanda ya gaji Cygnus, ya koma ɗora kumbonsa bisa rokar abokin gasarsa SpaceX. Abin lura kuwa, duk da tsamin dangantaka tsakanin Rasha da Amurka, ayarin bai tsaya ba, domin ɓangarorin tashar biyu ba mai iya rayuwa ba tare da ɗan'uwansa ba.

Kayan komawa

Kamiyo ba ya son komawa wayam, haka ma kumbon dako. Bayan an sauke kaya, yakan yi watanni manne ga tashar ana ɗura masa shara: tsofaffin tufafi, gwangwanaye, na'urorin da suka mutu, har da abin da ke fitowa daga ban ɗaki. Ranar tafiya sai ya rabu da tashar, ya taka birki da injinsa, ya kutsa cikin iska, zafin gogayya ya ƙone shi da abin da ke cikinsa. Ɗan abin da bai ƙone ba yana faɗawa kudancin tekun Pasifik, yankin da babu mutane, babu hanyar jiragen ruwa sosai. Dragon ne kaɗai cikin ƴan dakon ke da garkuwar zafi. Yana saukowa cikin teku da laima, ɗauke da samfurin jini da na tsirrai da sauran sakamakon bincike, a gyara shi a sake aika shi.

Ƙasar Sin, wadda ba ta cikin tashar ƙasa da ƙasa, ta gina tata mai suna Tiangong, kuma tun kafin ta harba ɗakin farko a 2021 ta riga ta gwada ɗan dakonta Tianzhou a watan Afrilu 2017. Yana tashi daga Wenchang a tsibirin Hainan da kaya kimanin tan 7. Tun kafin a kafa tubalin gida aka tanadi mai kawo masa ruwa.

An tsara tashar ƙasa da ƙasa za ta yi aiki har zuwa 2030. A watan Yuni 2024 NASA ta ba SpaceX kwangilar da za ta iya kai dalar Amurka miliyon 843 domin ƙera wani kumbo, shi ma babu mutum cikinsa, wanda zai manne gare ta ya ja ta zuwa teku, kamar yadda Progress ya yi ma Mir. Kafin wannan rana, tashar na ratsawa bisa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai kamar yadda take ratsawa bisa mafi yawan biranen duniya. Wasu ranaku, jim kaɗan bayan magariba ko gabanin asuba, ana ganin ta kamar tauraro mai haske da ba ya ƙiftawa, tana keta sama cikin ƴan mintoci. Wanda ya yi sa'a ya duba a ranar isowar kaya, zai iya hango wani ɗan ƙaramin ɗigo na biye da ita. Ɗan dakon kenan.